Yadda Ake Juyen Baƙin Mai da Canjin Filta a Gida

Mai mota a Gombe ba ya rasa wurin juye. Daga Tashar Dukku har ka fita hanyar Biu, da wuya ka yi nisa ba ka ga rumfar masu juye ko gidan mai mai rami ba, kuma kuɗin aikin hannun bai taka kara ya karya ba. Ribar da mutum yake samu idan ya yi aikin da kansa ita ce ya san abin da ya shiga injinsa, ya ga abin da ya fito daga ciki da idonsa, sannan ya ɗaure kowane abu daidai gwargwado. Ni dai asara ce ta koya mini. Wani yaron shago ya taɓa zura bututu a bakin sifana ya ɗaure notin juyen motata da iya ƙarfinsa, wai don kada ya yi yoyo, sai da lokacin juye na gaba ya zo notin ya fito tare da haƙoran ramin da yake zaune a ciki, dole aka kwance kaskon mai gaba ɗaya. Tun daga ranar na gane cewa wannan aiki natsuwa yake buƙata fiye da ƙarfi.

Ana fara shi ne tun a wurin sayen mai. Lambobin da ke jikin galan, kamar 20W-50 ko 5W-30, kaurin man suke nunawa. Ta farko mai harafin W tana faɗin yadda man yake gudana lokacin da inji yake sanyi, ta biyu kuma tana faɗin kaurinsa bayan ya ɗauki zafi, kuma a digiri 100 ake auna wannan. Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane cewa tunda ƙasarmu ta zafi ce, kowace mota mai kauri take so. Maganar ta dace da Peugeot 504 da 505 da sauran injinan wancan zamani, waɗanda 20W-50 yake yi musu daidai. Amma Corolla da Camry da Accord na shekarun 2000 zuwa yau an ƙera su da siraran hanyoyin mai, kuma na'urar da ke daidaita buɗewar bawul, wadda Toyota ke kira VVT-i, Honda kuma i-VTEC, da matsin man nan take aiki. Idan aka zuba musu mai kauri fiye da kima, yakan yi jinkirin isa saman inji da safe, alhali a daidai lokacin tayar da mota ne ƙarafa suka fi gogar juna. Don haka ka duba murfin da ake zuba mai ta cikinsa, domin motoci da yawa an rubuta lambar a kansa, ko kuma ka duba littafin motar. Idan injin ya tsufa har yana shan mai, ƙara kauri da mataki ɗaya bisa shawarar bakaniken da ya san motar abu ne mai ma'ana, amma tsalle daga 5W-30 zuwa 20W-50 haka kawai ba gata ba ne.

Akwai kuma wasu haruffa bayan kalmar API a jikin galan, waɗanda ke nuna matakin ingancin man. Na motar fetur da S suke farawa, wato SL, SM, SN, SP, kuma duk wanda harafinsa na biyu ya fi nisa shi ne sabo. Na injin gas da C suke farawa, kamar CH-4 da CI-4, saboda haka mai Hilux ta gas ya lura da wannan. Ka sayi galan rufaffe wanda hatimin murfinsa bai karye ba, a gidan mai ko wurin dila sananne. Man awo da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, babu mai iya rantse maka a kan abin da ke cikinsa.

Yawancin ƙananan motoci masu fulogi huɗu suna cin tsakanin lita 3.5 da 4.5 idan an haɗa da filta, masu fulogi shida kuma sun fi haka, don haka ka san abin da taka take ci kafin ka yanke shawarar ko galan mai lita 4 zai ishe ka ko sai mai lita 5. Wajen filta, kada ka tsaya a kan sunan mota kawai. Ka faɗa wa mai shago shekararta da irin injinta, ko ka kwafi lambar da ke jikin tsohuwar filtar ka je da ita. Filtoci biyu suna iya kama da juna a ido amma faɗin zoben robarsu ko haƙoran murɗinsu ya bambanta. A cikin gwangwanin nan akwai takarda mai ninki da ke tace datti, akwai kuma bawul da ke hana mai zubowa ƙasa idan an kashe mota, kuma jabu a nan take gazawa duk da kyan fentinta. Ka haɗa da sabuwar washa ta notin juye, wato ɗan zoben da ke matsewa tsakanin notin da kasko, wadda kuɗinta ƙalilan ne amma mutane da yawa ba sa ko tunawa da ita.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai zobe ko soket daidai kan notin, wanda a yawancin Toyota lamba 14 ne, a Honda 17, a Golf kuma 19, sifanar filta mai sarƙa ko mai bel, daro mai faɗi da zai ɗauki aƙalla lita 6, mazurari mai tsabta, tsumma, kwali da za ka kwanta a kai, safar hannu, jak da ƙafafun ƙarfe da ake ɗora mota a kansu. Sifana mai buɗaɗɗen baki da filaya suna cinye kusurwoyin noti, kada a kusance shi da su.

Sai batun wuri, kuma a nan zan daɗe, domin shi ne sashen da ya shafi rai. Gombe gari ne mai gangare da yashi, gidaje da yawa a Pantami da Tumfure da sababbin unguwanni tsakar gidansu ko ƙofar gidansu rairayi ne. Jak a kan rairayi yana nutsewa a hankali ko ya karkace ba tare da ya ba da sanarwa ba. Ka nemi daɓen siminti shimfiɗaɗɗe. Idan babu, ka nemi ƙasa mai tauri ka shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak da kowace ƙafar ƙarfe. Jak ɗin da ya zo da mota an yi shi ne don canjin taya, lokacin da jikin mutum yake waje, ba don a kwanta a ƙarƙashin mota ba. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, saboda yana farfashewa ne gaba ɗaya a lokaci guda. Wanda ba shi da ƙafafun ƙarfe, gara ya sayi mansa da filtarsa ya je wurin da ke da rami ya tsaya a kan aikin. Manyan motoci masu tsayin ƙafa irin su Hilux sau da yawa ba sa ma buƙatar a ɗaga su, mutum yana iya shiga ƙarƙashinsu a yadda suke.

Ka zaɓi safiya, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin rana ke kai wa digiri 40, kuma ka guji ranar da iskar hunturu ke kwasar ƙura, domin injin zai kasance a buɗe na ɗan lokaci. A kawar da yara daga wurin tun da wuri.

Ka tayar da motar ka bar ta tana aiki minti uku zuwa biyar, sannan ka kashe ta ka zare makulli ka sa a aljihu. Mai ɗumi ya fi saurin gudana, kuma yana kwaso dattin da ya kwanta a ƙasan kasko. Idan kuwa daga tafiya ka dawo, misali daga Bauchi ko Kaltungo, ka ba ta aƙalla rabin awa ta huce, domin man injin da ya yi tafiya yana kusa da zafin tafasasshen ruwa, salansa kuma ta fi shi zafi. Ka ja birkin hannu, ka sa giya a P idan otomatik ce ko giya ta ɗaya idan ta hannu ce, ka datse tayoyin baya da dutse ko katako gaba da baya. Ka buɗe bonet, ka goge kewayen murfin mai, ka sassauta shi, ka ɗan zaro gejin mai, wato siririn ƙarfen nan mai kai rawaya ko ruwan lemo. Buɗe murfin tun yanzu yana da hikima: idan ya ƙi buɗuwa, gara ka sani kafin ka zubar da man da ke ciki.

Ka ɗaga gaban motar ta wurin da kamfani ya tanada, wanda yawanci yana gefen ƙasa bayan tayar gaba, ka kafa ƙafafun ƙarfe, ka sauke nauyin motar a kansu. Ka tura ta da hannu ka ga ko za ta motsa. Ka kuma tura safayar taya ƙarƙashin gefenta, ta yadda ko wani abu ya faru motar ba za ta kai ƙasa ba.

Idan ka shiga ƙarƙashi, kada ka yi gaggawar kama notin farko da ka gani. A motocin da ke ja da tayoyin gaba, inji da giyabos suna manne da juna, kowanne kuma yana da notin juyensa, kuma ba sau ɗaya ba an zubar da man giya bisa kuskure aka ƙara sabon mai a kan tsohon da ke inji. Kaskon man inji shi ne wanda yake daidai ƙarƙashin injin, a ɓangaren da bel yake, kuma bututun geji a wajensa yake sauka. Idan ka kwance ka ga mai ja yana fitowa, na giyar otomatik ne, ka mayar da notin nan take.

Ka ajiye daron ba daidai ƙarƙashin notin ba, ka ɗan matsar da shi ta inda bakin ramin yake fuskanta, saboda man zai fara fitowa ne da ƙarfi ya yi tsalle, daga baya ya dawo yana zuba a tsaye. Ana kwance noti ne akasin yadda hannun agogo yake tafiya idan kana fuskantar kansa, kuma wanda yake kwance a ƙasa yana saurin rikicewa a nan, ya riƙa ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi. Ka zaunar da sifana sosai a kan notin, ka ba ta bugu ɗaya da tafin hannu don ya saki, sannan ka ci gaba da yatsu kana ɗan danna shi ciki. Idan ka ji ya kai haƙori na ƙarshe, sai ka fizge shi gefe da sauri. Ka bar man ya tsiyaye minti goma zuwa goma sha biyar, har zubar ta koma ɗigo.

Wannan jiran shi ne lokacin da za ka karanta lafiyar injinka. Baƙi kawai ba laifi ba ne, aikin man ke nan ya riƙe datti, na injin gas ma kusan nan da nan yake baƙi. Abin tsoro shi ne man da ya koma kalar shayi mai madara, wanda ke nuna ruwa yana shiga cikinsa, sau da yawa ta gaskit ɗin saman inji. Haka nan idan ka haska fitila a daron ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ko ka ji warin fetur mai ƙarfi, ko man ya fito guda-guda kamar kwalta, to motar tana buƙatar bakanike, sabon mai shi kaɗai ba zai warkar da ita ba. Wasu suna zuba kananzir ko gas su tayar da inji wai don su wanke shi. Ban yarda da wannan ba, domin a mintunan nan ƙarafa suna gogar juna babu kariya, kuma dattin da ya ɓalle yana iya toshe ragar famfon mai.

Ka goge notin, ka cire tsohuwar washa, ka duba kada ta maƙale a jikin kasko, ka sa sabuwa. Ka fara murɗa notin da yatsu kaɗai, kuma ya kamata ya shige salin-alin har ƙarshe. Idan ya cije tun a juyi na farko ko na biyu, ya hau karkace ne, ka dawo da shi ka sake. Sai ya zauna sannan ka kawo sifana. Mai sifanar awon ƙarfi ya bi abin da littafi ya ce, wanda a Toyota da Honda da yawa bai wuce 40 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm ba. Wanda ba shi da ita ya riƙe sifanar kusa da tsakiyarta ya ɗaure da hannu ɗaya har ya ji washar ta matse, ya tsaya a nan. Washar ce take hana yoyo, kuma kaskon motoci da yawa na alminiyom ne, ƙarfe mai laushi da haƙoransa ba sa jure zalunci.

Yanzu ka matsar da daron ƙarƙashin filta. Idan ta gwangwani ce, ka sassauta ta da sifanar filta, ka ƙarasa da hannu, kana riƙe da bakinta sama domin cike take da mai. Da zarar ta fito, ka duba bakinta ka tabbatar zoben robarta ya biyo ta. Wani lokaci yakan manne a jikin inji, kuma idan aka ɗaura sabuwar filta a kansa, roba biyu suka hau juna, mota za ta iya tashi lafiya amma da matsi ya ƙaru sai man ya fashe ta tsakaninsu ya ƙare cikin ɗan lokaci, inji ya buga. Ka goge mazaunin filtar tas da tsumma mai tsabta. Ka gwada sabuwar da tsohuwar baki da baki, ka dangwali sabon mai da yatsa ka shafe zoben robarta, sannan ka murɗa ta da hannu har robar ta taɓa mazauninta, daga nan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na juyi ɗaya, ko abin da aka rubuta a jikinta. Sifanar filta ta kwancewa ce kawai.

Wasu motocin, kamar wasu Corolla da Camry da motocin Turai da dama, filtarsu takarda ce zalla da ke zaune cikin wani gida mai murfi. A irin wannan ana kwance murfin ne da soket na musamman, a zare tsohuwar takardar, a canza zoben robar murfin da sabon da ya zo a kwali, a tabbatar ya zauna a gurbinsa, a shafa masa mai, a mayar. Murfin sau da yawa na roba ne mai tauri, yana tsagewa idan aka matsa masa.

Ka fitar da daro da kayan aiki, ka sauke motar ƙasa, domin geji ba ya faɗin gaskiya sai mota tana tsaye daidai. Ka sa mazurari ka zuba man a hankali, amma ka rage kamar rabin lita daga abin da littafi ya ce. Ka jira minti biyu, ka zaro geji ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Idan man ya kai tsakanin alamomin biyu, ka rufe murfi ka tayar da mota ba tare da taka totur ba, idonka a kan jar fitilar mai da ke dashbod. Cikin 'yan daƙiƙu ya kamata ta mutu, da zarar filta ta cika. Idan ta kai daƙiƙa goma tana ci, ka kashe motar ka binciki dalili. Idan ta mutu, ka bar injin yana aiki minti biyu zuwa uku, ka durƙusa daga gefe ka haska noti da filta ka ga ko akwai yoyo.

Ka kashe, ka jira minti biyar man ya koma kasko, ka sake aunawa. Za ka ga ya ragu saboda abin da filta ta sha. Ka ƙara kaɗan-kaɗan har ya kusa alamar sama. A yawancin motoci tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce, wannan zai taimaka maka wajen ƙiyasi. Kada ragowar da ke galan ta ruɗe ka ka ce bari ka juye ta duka. Man da ya wuce kima yana kai wa ga kuranshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, shi kuma ya kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta shafe ƙarfe, sannan yana iya jawo yoyo da hayaƙi. Ragowar ka juye ta a kwalba mai tsabta, ka rufe ta ka ajiye a but don ciko.

Ka rubuta kwanan wata da lambar tafiyar da mota ta yi da irin man da ka zuba. Ka lura da cewa motocin da aka shigo da su daga Amurka ta Kwatano da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne, saboda haka mil 3,000 ya kusa kilomita 5,000. Ƙura, da gajerun tafiye-tafiye na cikin gari, da barin inji yana aiki a tsaye don sanyaya ciki, duk littattafan motoci suna lissafa su a matsayin aiki mai tsanani, kuma su ne rayuwar mota a Gombe. Don haka ga man gama-gari, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, ma'auni ne mai aminci. Man sintetik yana jure fiye da haka, amma kada a wuce abin da littafin motar ya yanka. Tunda bonet a buɗe yake, ka leƙa filtar iska, domin ƙurar da ta wuce ta a cikin mai take ƙarewa.

Tsohon man ka juye shi cikin galan ɗin da ka zazzage, wanda hakan ma ya hana galan ɗin komawa hannun masu cika shi da jabu. Ka kifa tsohuwar filtar a daro ta tsiyaye, ka ƙulle ta a leda. Kada a zuba man a kwata ko a kwari ko kusa da rijiya, domin ruwan damina zai kwashe shi, wani kuma ya nutse ya gurɓata ruwan ƙasa. Kada kuma a shafa wa dabba don ƙaiƙayi kamar yadda wasu suke yi, saboda yana ɗauke da gubar ƙonewar fetur da garin ƙarfe, shi ya sa ma ake so mutum ya wanke hannunsa da sabulu da zarar ya gama. Masu juye suna karɓarsa, ka kai musu.

A daren ranar ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin injin. Da safe, kafin ka tayar, ka jawo shi ka duba, ka kuma sake auna geji. Idan ka ga ɗigo, ka goge wurin tas ka gano daga inda yake fitowa, domin sau da yawa ragowar man da ya zuba a jikin ƙarfe ne lokacin cire filta. Idan daga filta ne, ka ɗan ƙara mata da hannu. Idan daga noti ne kuma ka san ka ɗaure shi daidai, kada ka ƙara masa ƙarfi, washar ce ba ta zauna ba, sai ka tara daro mai tsabta ka kwance ka canza ta.